Zango, Tasha da Kwana: Sunayen Wurare da Tarihin Sufuri a Ƙasashen Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar da ke tsakanin hanyoyin sufuri da wuraren da abubuwan more rayuwa suke taruwa a ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna. An ɗauki sunayen wurare a matsayin hujja, musamman waɗanda aka gina da kalmomin *zango* da *tasha* da *kwana*, sannan aka gwama su da abin da aka rubuta na tarihin yankin. Maƙalar ta nuna cewa tun daga 1911 babbar hanyar Zariya zuwa Kano take kauce wa garuruwan mulki na wannan yanki. Wannan ya raba abubuwan more rayuwa gida biyu: na hukuma suna garuruwan mulki, na ciniki suna bakin hanya. Ƙirar sunayen kanta tana nuna ko wuri ya girmi hanyar da ta bi ta kusa da shi, ko kuwa hanyar ce ta haife shi.

1.0 Gabatarwa

Ikara da Maƙarfi da Kudan suna cikin Masarautar Zazzau, a daidai inda Jihar Kaduna ta yi iyaka da Jihar Kano, kuma ta ɓangaren Kudan ta taɓa ƙasar Ɗanja ta Jihar Katsina. Duk mai tafiya daga Zariya zuwa Kano, a mota ko a jirgin ƙasa, sai ya ratsa ta wannan yanki. Sai dai zai iya yin wannan tafiya shekara da shekaru bai taɓa ganin garin Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ba, alhali su ne hedikwatocin ƙananan hukumomin uku. Abin da zai gani shi ne Tashar Yari, da Kwanar Ɗangora idan ya shiga ƙasar Kano. Fasinjan jirgi kuwa Likoro da Gimi ya sani.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka yi haka, da abin da hakan ya jawo wa mazauna yankin. An dogara da rubuce-rubucen tarihi da na tattalin arziki a kan Lardin Zazzau, da kuma sunayen da jama'a suke kiran wurare da su. Nazarin sunayen wurare a Hausa ya fi karkata ga tatsuniyoyin kafuwar gari, wato labarin maharbin da ya sauka a gindin wata bishiya har aka raɗa wa garin sunanta. Irin wannan nazari yana da amfaninsa, amma ya bar wani rukuni na sunaye a baya, waɗanda ba su da labarin maharbi ko kaɗan domin hanya ce ta samar da su. A kansu za a tsaya a nan.

2.0 Zamanin Zango

Kafin zuwan Turawa, fatake da jakunansu da takarkarinsu ne suke haɗa Zazzau da Kano. Ayari yana tafiya ne a ƙarƙashin madugu, kuma ba ya wuce abin da dabba mai ɗauke da kaya za ta iya yi a yini guda. Saboda haka kalmar *zango* take da ma'ana biyu da suke manne da juna: wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, da kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Idan Bahaushe ya ce gari kaza zango biyu ne, nisa yake aunawa da ƙarfin jaki. Ana iya kwatanta saurin wancan zamani da tafiyar rundunar Kanar Morland, wadda ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu 1903, ta bi ta Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Abin lura shi ne, a wancan tsari hanya ce take neman gari. Ayari yana bukatar ruwa da ciyawa da hatsi, yana kuma bukatar ganuwa da zai fake a kusa da ita, domin ƙasar kan iyaka ba ta rabuwa da mahara. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna irin zaman ɗar-ɗar da mutanen ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau suka yi a ƙarshen ƙarni na goma sha tara. Ke nan gari mai ganuwa da kasuwa da sarki shi ne kuma gari mai zango. Mulki da ciniki suna wuri ɗaya. Kalmar ta bar sawunta a sunaye irin su Zangon Aya da Zangon Katab da Zangon Shanu ta Samaru, har ta ƙetare zuwa Gana inda ake kiran unguwannin baƙi Musulmi da ita.

Akwai wani sauyi na mulki da ya kamata a ambata kafin a shiga batun dogo. Kamar yadda M. G. Smith (1960) ya bayyana, masu sarautar Zazzau suna zaune ne a birni, suna kula da garuruwan da ke hannunsu ta hanyar jakadu. A farkon mulkin mallaka aka haɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Daga nan garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi suka zama mazaunin hakimi, kuma duk abin da hukuma za ta kawo, alƙali ne ko ɗakin magani ko makarantar elemantare, can yake fara sauka.

3.0 Zamanin Tasha

Layin dogo na Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Injiniyan dogo ba ya neman ganuwa ko kasuwa. Abin da yake nema shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da inda zai ƙetare rafi da ƙaramar gada, da inda jirgi zai sha ruwa. Don haka layin ya ratsa yankin ta Likoro, wadda yau take ƙaramar hukumar Kudan, da Gimi ta ƙaramar hukumar Maƙarfi, ya bar mazaunin hakimai a gefe. Wannan shi ne karo na farko da babbar hanyar Zazzau zuwa Kano ta daina neman gari, aka koma gari ne yake neman hanya.

Da jirgin ya zo, kalmomi suka biyo shi: *reluwe* da *lebura* da *tikiti* da *fasinja* da *sikeli* da *kanti*. Wadda ta fi su tasiri a sunayen wurare ita ce *tasha*, wadda aka aro daga Ingilishi aka yi mata kwaskwarima ta dace da tsarin gaɓar Hausa, ta zama tamata, jam'inta *tashoshi*. A kusa da tasha ma'aikatan reluwe suka zauna, masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa sikeli, masu abinci suka biyo baya. Kamfanin auduga na Ingila ya riga ya kafa injin gurza a Zariya tun a shekarun farko na dogo, saboda haka audugar ƙauyuka tana da inda za ta nufa. Sannu a hankali aka samu tagwayen garuruwa masu suna ɗaya, sai aka bambanta su da ƙarin kalma: Gimi Gari da Gimi Tasha.

Ƙirar wannan suna tana da muhimmanci. A *Gimi Tasha*, sunan tsohon gari ne yake gaba, *tasha* tana biye da shi ba tare da mahaɗi ba, aikinta kawai bambantawa. Sunan yana shaida cewa akwai wata Gimi da ta girmi wannan. Da zarar an samu sabuwar, dole ita ma tsohuwar ta ɗauki ƙari, ta zama *Gari*, alhali a da ba ta bukatar kowane bayani. Haka abin yake a Ancau Gari da Ancau Takalafiya, ko da yake a can ba dogo ne ya jawo rabuwar ba. Aikin yaƙi da ciwon barci ne, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1930, T. A. M. Nash ya rubuta rahotonsa a 1948. An share kurmin bakin rafuka domin korar ƙudan tsando, aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna da rijiyoyi da kasuwa da ɗakin magani, aka sa masa suna mai kama da addu'a. Ancau ta daɗe a cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a cire Kubau daga jikinta.

Gimi tana da wani tarihi da ya shafi wannan batu. A wajajen 1914 mishan ɗin CMS, wanda Dokta Walter Miller yake jagoranta a Zariya, ya kafa ƙauyen Kirista a Gimi domin zuriyar Isawa da suka karɓi addinin. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna har ya watse, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Masu tarihin mishan suna danganta fara matse rake da inji a wannan wuri da W. A. Thompson, ɗan mishan da ya fito daga tsibiran Karibiyan, inda sana'ar sukari ta daɗe da kafuwa. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba, amma ƙasar Maƙarfi ta zama gidan mazarƙwaila har yau.

4.0 Zamanin Kwalta

Mota ta fara ƙwace kaya daga hannun jirgi tun kafin samun 'yancin kai, kuma zuwa shekarun 1980 harkar reluwe ta durƙushe. Tashoshin ƙauye suka yi shiru. Amma kalmar *tasha* ba ta mutu tare da su ba, sai ta sauya sheƙa. Ta zama wurin da mota take lodi, inda ake samun direba da yaron mota da ɗan kamasho. Har ta kai yau idan aka ce *tasha* kawai, ta mota ake nufi, wadda ta haifi kalmar kuwa sai an ce *tashar jirgi* kafin a gane ta.

A wannan zamani ne aka samu ƙira ta biyu, wato irin ta *Tashar Yari*. A nan *tasha* ce kan suna, mahaɗin *-r* ya ɗaure ta da sunan mutum ko muƙaminsa. Babu wani tsohon gari da sunan yake jingina da shi. Matsayar mota ce ta fara samuwa, gari ya taru a kanta. Tashar Yari tana kan babban titin Zariya zuwa Kano, kuma nan ne ake ratsewa zuwa garin Maƙarfi. Duk wanda ya tsaya a wurin zai ga abin da hanya take tarawa: gidajen mai, da kanikawa, da masu faci, da masu shayi da tsire, da tulin rake a lokacinsa.

Ƙira ta uku ita ce ta *Kwanar Ɗangora*. Ita ma *kwana* aro ce daga Ingilishi, tana nufin lanƙwasar titi ko inda wani titi ya balle daga wani. Sunan yana ɗauke da sunan tsohon gari kamar ƙira ta farko, amma tsarinsa na mallaka ne kamar ta biyu, ma'anarsa kuwa ita ce inda ake karya kwana a nufi gari kaza. Wato sunan da kansa yana faɗin cewa garin ba ya kan hanya. Kwanar Ɗangora tana ƙasar Ƙiru ta Jihar Kano, ba nisa da Paki ta ƙasar Ikara, kuma daga nan ne titin Jos ya balle ya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka. Hausa tana da kalmarta ta asali ta wannan ma'ana, wato *mararraba*, kuma tana nan a sunaye irin su Mararrabar Jos, amma a bakin direbobi *kwana* ta fi sauƙin fita.

4.1 Tashar Yari ko Tashan Yari?

A takardun hukuma da jaridun Ingilishi ana yawan ganin *Tashan Yari* da *Kwanan Dangora*. Mai bin daidaitacciyar Hausa zai yi saurin cewa kuskure ne, tunda *tasha* da *kwana* kalmomi ne na mata, mahaɗinsu *-r*. A ganin wannan maƙala bai dace a kira shi kuskure ba. Sananne ne cewa Zazzaganci ba ya bambanta jinsi a mahaɗi kamar yadda Kananci yake yi; Bazazzagi yakan ce *motan* da *rigan* inda Bakano zai ce *motar* da *rigar*. Wanda ya rubuta *Tashan Yari* abin da ya ji a bakin masu wurin ya rubuta. Yankin da ake magana a kansa yana daidai inda karin harshen biyu suke haɗuwa, shi ya sa ake jin siffofin biyu a tasha ɗaya, wani lokaci a bakin mutum ɗaya.

Matsalar da wannan yake haifarwa a rubuce take. A daidaitacciyar Hausa, mahaɗi ne yake raba *kwanar* ta titi da *kwanan* na barci, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Idan mahaɗin ya zama *-n* a duka biyun, mai karatu da bai san wurin ba zai iya ɗauka *Kwanan Ɗangora* wurin kwana ne, ya mayar da mahaɗar titi ta zama zangon fatake. A baki ba a samun wannan ruɗani, domin wasalin farko na *kwana* ta titi gajere ne, na ɗayar kuwa dogo. Mai tattara sunayen wurare a wannan yanki ya kamata ya rubuta siffar da ya ji tare da alamar tsawo da karin sauti, kafin ya daidaita ta. Haka kuma ya lura da rubutun Turawa da ya maƙale a sunaye irin su Anchau da Auchan da Gubuchi, inda ƙa'idar Hausa take da *c*.

5.0 Rabuwar Abubuwan More Rayuwa

An kafa ƙaramar hukumar Ikara a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, daga baya aka yi ta yanka ƙasar har aka samu Maƙarfi da Kubau da Kudan. Kowace sabuwar hedikwata tana jawo sakatariya da ofishin 'yan sanda da kotu da asibiti. Maƙarfi ta samu kwalejin kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda daga baya aka haɗe da Jami'ar Jihar Kaduna, kuma garin ya fitar da gwamna, Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007. Ikara ta samu makarantar koyon aikin ƙungiyoyin gama kai da kamfanin sarrafa tumatir. Kudan kuwa sunanta ne a kan ƙaramar hukuma, amma sakatariya tana Hunƙuyi, a kan hanyar da ta fito daga Zariya ta Basawa, kamar yadda Kubau ta ba da suna, Ancau ta karɓi hedikwata.

Duk waɗannan abubuwa na hukuma ne, kuma shawarar siyasa ce take ajiye su. Na ciniki kuwa babu mai ajiye su sai hanya. Sakamakon haka, mutumin ƙauye a wannan yanki yana da alƙibla biyu. Idan matarsa tana naƙuda ko yana da shari'a, hedikwata zai nufa. Idan kaya zai fitar, bakin kwalta zai nema. Abin da yake haɗa shi da kowanne daga cikinsu shi ne ƙaramar hanya, wadda sau da yawa ta ƙasa ce, da kwalbatin da ruwan Agusta yake iya cinyewa. Nan ne ɗan acaɓa da akori-kura suke da muhimmancin da babbar mota ba ta da shi.

Wannan ba sabon lura ba ne. A 1966 zuwa 1967, D. W. Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi nazarin ƙauyuka uku na Lardin Zazzau, kuma ma'aunin da ya zaɓe su da shi shi ne sauƙin isa gare su: Hanwa da ke gefen Zariya, da Doka da ke bakin hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi da ke can ciki. Tun a lokacin masana aikin gona sun fahimci cewa nisan gona da titi yana cikin abubuwan da suke yanke abin da manomi zai shuka.

Rake ne ya fi nuna wannan a fili. Fadamun Maƙarfi da Kudan suna ba da shi da yawa, amma kaya ne mai nauyi, galibinsa ruwa da ɓawo, kuma da zarar an sare shi ya fara bushewa. Manomin da gonarsa take kusa da titi yana iya sayar da shi ɗanye, a yi lodinsa zuwa birane. Wanda yake nesa kuwa ya fi samun sauƙi idan ya matse shi a bakin gona, da injin da doki yake juyawa a da, yanzu kuma har da mai amfani da mai, ya dafa ruwan har ya yi kauri, ya zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Abin da zai cika mota ya koma abin da jaki ko babur zai ɗauka, kuma yana iya jiran ranar kasuwa ba tare da ya lalace ba. Ta wannan fuska, mazarƙwaila dabara ce ta sufuri kafin ta zama kayan zaƙi. Haka kauɗar tumatir take: wanda bai samu mota a kan kari ba, sai ya yanka ya shanya. Kamfanin tumatir na Ikara an kafa shi ne domin ya ɗauke wa manomi wannan asara, sai dai ya shafe shekaru masu yawa a rufe, kuma duk lokacin da ya tsaya, shanya ce take dawowa. Noman inabi da ya bunƙasa a ƙasar Kudan a 'yan shekarun nan ya fi su duka dogara da hanya, domin ɗanye ake sayar da shi, kuma masu sayensa suna birane.

6.0 Sabon Titi da Sabon Dogo

A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, aka fara aiki a 2018. A Yuli 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203. Duka biyun an tsara su ne domin mai tafiya daga birni zuwa birni, wanda burinsa ya isa da wuri. Titi mai kyau yana rage tsayawa, kuma garin da tsayawar mota ta haifa, kamar Tashar Yari, cinikinsa yana rataye ne a kan direban da ya taka birki. Shingen da ke raba hannu biyu na titi shi ma yana raba gari biyu, ya mayar da ƙetarawa zuwa masallaci ko makaranta abin haɗari idan babu gadar masu tafiya a ƙasa.

Game da dogo kuwa, abin da ya faru a Gimi ya isa misali. Duk inda aka ajiye tasha a tsakanin Zariya da Kano, masu abinci da masu ɗaukar kaya za su taru, filayen da ke kewaye za su yi tsada, kuma za a samu sabon suna mai *tasha* a gaba ko a baya. Idan ba a haɗa wannan tasha da Maƙarfi da Ikara da Hunƙuyi da titi mai ɗaukar babbar mota a damina ba, rake da tumatir da inabin yankin za su ci gaba da bin kwalta, jirgin kuma ya wuce ta gonakin da aka karɓa domin shimfiɗa shi.